Shaidar da Gawa Ke Bayarwa: Yadda Jiki Ke Sauyawa Bayan Rai Ya Fita

Wata asuba ta hunturu, shekarun baya, aka buga mana ƙofa aka ce maƙwabcinmu bai fito sallah ba, an yi ta sallama kuma shiru. Dattijo ne da ke kwana shi kaɗai a shagon ƙofar gida. Da aka ɓalle ƙofar, aka same shi kwance rigingine a kan tabarma, bargo har ƙirji. Aka aika a kira tsohon da ke yi wa mazan unguwa wanka idan sun rasu. Ya zo ya durƙusa, ya yi salati, ya ɗora bayan hannunsa a wuyan mamacin, sannan ya cusa hannu a hammatarsa. Ya taɓa haɓa, ya kama gwiwar hannu ya gwada lanƙwasa ta, ya gangara ya gwada ta ƙafa.

Babban ɗan mamacin ya ce, "Baba, ko yanzun nan ne? Da mun shigo da wuri..."

Tsohon ya girgiza kai. "A'a, ɗana, kada ka ɗora wa kanka. Tun tsakar dare Allah ya karɓi abinsa. Ka ga wuya da hannu sun sandare, ƙafa ce ba ta gama ba, hammata kuma da sauran ɗumi."

Wannan tsoho bai taɓa zama a ajin koyon likitanci ba, amma abin da ya yi da hannunsa shi ne matakin farko na aikin likitan binciken gawa a ko'ina cikin duniya. Jiki ba ya tsayawa cak saboda rai ya fita. Yana shiga wasu sauye-sauye ne bi da bi, kowanne da lokacinsa, kuma wanda ya san jerinsu yana iya yin lissafi da baya ya ce: wannan ya cika tsakanin lokaci kaza da kaza, a kwance kaza ya mutu, an motsa shi ko ba a motsa shi ba. A shari'ar kisan kai, amsar waɗannan tambayoyi tana iya kai mutum ga igiya, tana kuma iya kuɓutar da shi.

Mu fara da zafin jiki, tunda shi kowa ya fi sani. Mai rai yana riƙe da zafi wajen digiri 37, ko ana sanyi ko ana zafi, saboda jikinsa na ƙona abinci ba dare ba rana. Da zarar wutar nan ta mutu, gawa ta zama kamar tukunyar da aka sauke daga murhu: za ta yi ta hucewa har ta daidaita da ɗakin da take ciki. A ƙasashe masu sanyi ana ƙiyasta cewa tana raguwa da abin da bai kai digiri ɗaya ba a kowace awa, bayan ɗan jinkiri na farko da zafin ciki ke tsayawa kamar ba zai motsa ba. Likita ba ya dogara da taɓa fata. Yana sa ma'aunin zafi mai tsawo ta dubura, wani lokaci cikin hanta, ya kuma auna zafin ɗakin a daidai lokacin. Wani Bajamushe, Claus Henssge, ya tsara jadawali a shekarun 1980 wanda ake haɗa zafin gawa da na wurin da nauyin jiki a fitar da ƙiyasi, domin mai ƙiba ya fi siriri jinkirin hucewa, wanda ke cikin bargo ya fi wanda ke tsirara, wanda ke kan siminti ko cikin ruwa kuma ya fi kowa saurin sanyi. Ko a yanayi mafi kyau, jadawalin ba ya ba da ƙarfe kaza daidai. Yana ba da tazara ce ta kusan awa uku gaba, awa uku baya.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki wannan lissafi ka kai shi Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, cikin ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, inda zafi ke haura digiri 40. Gawa ba za ta huce ba. Zafinta ma ƙaruwa zai yi, tunda ɗakin ya fi ta zafi. Ma'aunin da ake taƙama da shi a Jamus ya tashi daga aiki. Ka riƙe wannan, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba yana rataye da shi: yawancin alƙaluman da ke cikin littattafan wannan fanni an auna su ne a ƙasashen da ake sa rigar sanyi rabin shekara, mu kuwa zafi ne ke tura komai da gudu.

Sai jini. Tun da zuciya ta daina turawa, jini ba shi da mai kora sai nauyinsa, don haka yana gangarawa ya kwanta a duk ɓangaren da ya fi kusa da ƙasa. Wanda ya mutu rigingine, jinin zai taru a bayansa da bayan cinyoyinsa da ƙeyarsa, fatar wurin ta yi duhu ja-ja mai sirkin shuɗi. Wuraren da suka danne ƙasa, kamar allon kafaɗa da ɗuwawu, sai su zauna fari-fari, saboda nauyin jiki ya matse jijiyoyin jinin ya hana su cika. Har zanen tabarma ko ɗaurin mazagin wando yana iya fitowa a haka. Alamar tana fara bayyana daga rabin awa zuwa awa biyu. A awannin farko, idan ka danna wurin da yatsa zai yi haske, ka ɗaga ya dawo, kuma idan aka juya gawar jinin zai sake gangarawa sabon wuri. Bayan awa 8 zuwa 12 sai ya kafe, ko an juya ba ya tashi.

Amfanin wannan ga mai bincike ba ƙarami ba ne. An tsinci mutum rubda ciki a bakin hanya, amma jini ya kwanta a bayansa ya kafe: ba a haka ya mutu ba, ya daɗe kwance rigingine kafin a juya shi ko a ɗauko shi daga wani wuri. An ce mutum ya rataye kansa, an same shi yana reto, amma maimakon jini ya taru a ƙafafu da hannuwa, ga shi a gadon baya: akwai wanda ya rataye shi bayan ya mutu. Launin ma yana da abin faɗa. Wanda hayaƙin janareta ya kashe, ko hayaƙin gawayin da aka kunna a kasko aka rufe ɗaki saboda sanyi, jininsa yakan yi ja jawur mai haske, domin iskar kabon monoksaid ta maƙale masa ta hana shi ɗaukar oksijin. Sau nawa muka ji an wayi gari da iyali guda duk sun rasu a ɗaki, aka yi ta zargin abincin da suka ci ko wanda ya ba su? Launin jini kaɗai ya isa ya karkato da hankalin likita zuwa ga janaretan da ke tsakar gida, gwajin jini kuma ya tabbatar. Sai dai a baƙar fata irin tamu ba kasafai ake ganin wannan launi da sauƙi ba. Dole a duba ƙarƙashin farce, tafin hannu da na ƙafa, cikin leɓe, ko kuma a gan shi a ciki lokacin da aka buɗe jiki.

Sandarewa, wadda tsohon unguwarmu ya gwada, tana da dalili mai ban sha'awa. Muna ɗauka tsoka ƙarfi take buƙata don ta ɗaure, alhali don ta saki ma tana buƙata. A cikin kowace tsoka akwai zarurruka iri biyu da ke kama juna su ja, kuma sai da wani sinadari da ake kira ATP suke sakin juna. Mai rai yana ƙera wannan sinadari kullum. Mamaci yana cinye ɗan ragowar da ke jikinsa ne, idan ya ƙare zarurrukan su kama juna su ƙi saki. Shi ya sa da farko gawa take saki laƙwas, baki ya buɗe, sannan bayan awa 2 zuwa 6 sandarewa ta fara. Ana fara jin ta a ƙananan tsokoki, fatar ido da muƙamuƙi da wuya, sannan hannuwa, sannan ƙafafu. Wani likita a Faransa, Pierre Nysten, ya rubuta wannan jeri tun 1811. Wajen awa 12 jiki duka ya ƙage, ya zauna haka kamar yini guda, sannan ya fara saki yayin da tsokar kanta ta soma narkewa. Likitocin Ingila suna da ƙiyasi na hannu: da ɗumi kuma a sake, bai kai awa 3 ba, da ɗumi a sandare, awa 3 zuwa 8, da sanyi a sandare, awa 8 zuwa 36, da sanyi a sake, ya haura haka. A zafin bazara kuwa komai na iya zuwa ya wuce cikin ƙasa da kwana ɗaya. Wanda ya mutu yana gudu, ko yana kokawa, ko cikin zazzaɓi mai zafi ko jijjiga, ya riga ya ƙone sinadarin tun yana raye, don haka nan da nan yake sandarewa. Yaro ƙarami da tsohon da ciwo ya cinye kuma sandarewarsu ba ta da ƙarfi.

Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna babin jana'iza a fiƙihun Malikiyya. A littafin Muhtasar na Shehu Halilu an jera abubuwan da ake so a yi wa mamaci da zarar ya cika: a rufe masa ido, a ɗaure masa haɓa, a lanƙwasa gaɓoɓinsa a hankali, a ɗaga shi daga ƙasa, a lulluɓe shi, a ɗora wani abu mai ɗan nauyi a cikinsa, a gaggauta shirya shi. Dubi kowanne ka ga sauyin da yake tarba. Haɓa don kada baki ya ƙage a buɗe, gaɓoɓi don wanka ya yi sauƙi, nauyi a ciki saboda kumburi. Mutanen da suka rubuta wannan sun zauna da gawa sun lura da ita da idon basira. Sai dai ladabin da ke mutunta wanda ya yi mutuwar Allah da Annabi, shi ne kuma ke shafe shaida idan mutuwar tana da alamar tambaya. Gaɓar da aka lanƙwasa bayan ta gama sandarewa ba ta sake ƙagewa. Ruwan wanka yana tafiya da jini, da abin da ke ƙarƙashin farce, da burbushin albarushi.

Ido ma ana duba shi. Idan an bar shi a buɗe yakan yi hazo cikin awanni kaɗan, farin ya bushe ya yi wani duhun layi. Abin da ya fi amfani shi ne ruwan da ke cikin ƙwayar idon, wanda ake zuƙowa da allura. Yana killace, ba ya saurin lalacewa kamar jini, kuma sinadarin fotasiyam yana ƙaruwa a cikinsa sannu a hankali bayan mutuwa. Daga wannan ruwa ana iya gane ko mutum ya sha giya, ko ciwon suga ne ya tashi masa, ko ƙishirwa ce ta kashe shi.

Abincin da ke ciki kuwa shi ne ya fi yaudarar mutane, kuma akwai shari'ar da duk mai koyon wannan aiki ya kamata ya sani. A watan Yuni na 1959, a garin Clinton da ke lardin Ontariyo na Kanada, aka kashe wata yarinya 'yar shekara 12. Wanda aka gani da ita na ƙarshe ɗan ajinsu ne, Steven Truscott, mai shekara 14, wanda ya goya ta a keke da yamma. Likitan da ya buɗe gawar ya dubi abincin da ke cikinta ya ce ta mutu ne tsakanin ƙarfe 7:00 da 7:45 na yamma, daidai lokacin da take tare da yaron. Aka yanke masa hukuncin rataya. Daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai, ya yi shekara goma a tsare, kuma sai a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta wanke shi. Ciki ba ya aiki da agogo. Tuwo da nama ba sa narkewa da saurin koko, kuma tsoro ko rauni na iya tsayar da narkewar abinci na awanni. Duk likitan da ya ba alƙali tazarar minti 45 daga abin da ya gani a tumbi ya faɗi abin da iliminsa bai kai ba. Ni a wurina wannan ne babban ma'aunin gane ƙwararre a fannin: wanda ya ce "tsakanin magariba da tsakar dare" ya fi wanda ya ce "ƙarfe tara da kwata" gaskiya, ko da na biyun ya fi burge 'yan kallo a kotu.

Bayan kwana ɗaya ko biyu waɗannan alamu na farko sun gama aikinsu, sai ruɓewa ta karɓa. Ta hanya biyu take zuwa. Ƙwayoyin halittar jiki suna narkar da kansu da ruwan narkarwar da ke cikinsu, sannan ƙwayoyin bakteriya da muke ɗauke da su a hanji tun muna raye su sami sake su bazu. Shi ya sa alamar farko take fitowa a mara ta ɓangaren dama, inda babban hanji ya faro kuma yake kusa da fata: wani kore-kore mai duhu. A Turai sai bayan kwana ɗaya ko biyu ake ganinsa. Likitocin Indiya, waɗanda yanayinsu ya fi kama da namu, suna ganinsa cikin awa 12 zuwa 18 a lokacin zafi. Daga nan ƙwayoyin su bi hanyoyin jini, jijiyoyi su fito a fata kamar rassan bishiya, iska ta taru, ciki ya kumbura, fuska ta cika har dangi su kasa gane nasu. Fatar sama tana saɓulewa, ta tafin hannu ma takan fita sul kamar safar hannu, kuma masu bincike na iya sa ta a hannunsu su ɗauki zanen yatsa da ita.

A nan nake so a tsaya a saurara, domin a wannan mataki ne ake yawan ɗaukar alhakin bayin Allah. Iskar da ta taru a ciki tana turo wani ruwa ja mai duhu ta hanci da baki. Wanda bai sani ba zai ce jini ne, an ba shi guba ko an doke shi. Tana turo harshe waje, ta firfito da ido, sai a ce shaƙe shi aka yi. Kwanciyar jini a baya ana ɗaukarta shaidar bulala. Kiyashi da tururuwa suna cin fatar sama su bar tabo kamar ƙujewa ko ƙuna. Ɓera da kare da ungulu suna fara wa ne da wurare masu taushi, ido, leɓe, hanci, al'aura, sai gari ya ɗauka an cire sassan jiki. Ba ina cewa ba a aikata irin waɗannan laifuka ba ne. Ana aikatawa, kuma shi ya sa ake buƙatar wanda zai bambance. Likita yana tsaga wurin da ya yi duhu: idan duka ne, jini ya fita daga jijiya ya shiga cikin nama, ruwa ba ya wanke shi, idan kuwa kwanciya ce kawai yana nan cikin jijiyoyinsa. Raunin da aka yi wa mai rai yana zubar da jini ya kumbura, wanda aka yi wa gawa ba ya yi. Kishiya ko maƙwabci ko ɗan aikin da aka nuna da yatsa saboda "jini ya fito masa ta hanci" yana iya ƙare rayuwarsa da wannan tabo, alhali minti goma na mai sani ya isa ya wanke shi. Haka zancen cewa farce da gemun mamaci suna ci gaba da tsiro: fata ce ke bushewa ta ja baya, sai su zama kamar sun ƙaru.

Inda gawa take yana sauya saurin komai. Johann Casper, likitan shari'a a Balin a ƙarni na 19, ya bar ƙiyasin da har yau ake ambata: mako ɗaya a sarari daidai yake da mako biyu a ruwa, daidai da mako takwas a cikin ƙasa. Wanda ya nitse yana zuwa ƙasan ruwa ne tukuna, sai iskar ruɓewa ta taru sannan ya taso, kuma masuntan Kogin Kwara da ke neman gawarwaki bayan kifewar kwale-kwale sun san cewa ruwa mai ɗumi ya fi saurin maido da nasa. A wuri mai laima marar iska, kamar tsohuwar rijiya ko kabarin da ke cikin fadama, kitsen jiki na iya rikiɗewa cikin makonni ko watanni ya zama wani abu fari-fari kamar sabulu, wanda ke riƙe siffar mutum har da ramin wuƙa shekara da shekaru. A Hamada kuwa, inda ga zafi ga bushewa ga iska, jiki na iya bushewa kafin ruɓewa ta ci ƙarfinsa, fata ta zama kamar ƙirgi, muddin dila da ungulu ba su riga sun isa ba.

Idan kwanaki suka ja, mai ba da labari mafi aminci shi ne ƙuda. Tun 1247 wani alƙalin ƙasar Sin, Song Ci, ya rubuta labarin manomin da aka kashe da lauje. Mai bincike ya sa kowa a ƙauyen ya ajiye laujensa a rana. Duk a wanke suke, amma ƙudaje suka yi dandazo a kan guda ɗaya, mai shi kuma ya amsa laifinsa. Koren ƙudan nan mai sheƙi da muke gani a mahauta yana iya isa ga gawa cikin mintuna. Yana zuba ƙwai a ido da hanci da baki da duk inda akwai rauni, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin yini guda ko ƙasa da haka, tsutsa ta yi ta ci tana saɓa har sau biyu, sannan ta rarrafa ta bar gawar ta shige ƙasa ta zama ƙwanso, sabon ƙuda ya fito. Kowane mataki yana da tsawonsa gwargwadon zafin wurin. Masanin ƙwari yana ɗaukar tsutsa mafi girma, ya gane irinta, ya nemo bayanan zafin kwanakin da suka wuce, ya ce: aƙalla kwana kaza ke nan da ƙuda ya sami wannan jiki. Kalmar "aƙalla" tana da nauyi, tunda gawar da aka naɗe ko aka kulle a ɗaki ƙuda ba ya samunta da wuri. A 1935, da aka tsinci sassan jikin mata biyu a wani kwazazzabo kusa da Moffat a Sikotilan, wani masani a Jami'ar Gilasgo ya ce tsutsotsin sun kai kwana 12 zuwa 14. Lissafin ya dace da lokacin da matar wani likita, Buck Ruxton, da 'yar aikinsu suka ɓace, kuma an rataye shi a 1936. Tsutsa tana nuna wasu abubuwan ma. Idan ta yi cincirindo a tafin hannu, inda ba ta saba farawa ba, wataƙila akwai yankan da mutum ya samu yana kare kansa. Idan nama ya ƙare, ana iya niƙa tsutsar a gwada ta a sami ƙwayar da mamacin ya sha.

Duk da haka manyan masana ma suna tuntuɓe. A ƙarshen 1977 aka kira William Bass, malamin ilimin ƙasusuwa a Jami'ar Tenesi a Amurka, ya duba wata gawa da aka samu a bakin wani tsohon kabarin da aka tone. Naman yana nan da sauran ja. Bass ya ce mutumin bai shekara da mutuwa ba. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy, wanda aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864. An yi masa maganin hana ruɓewa an rufe shi a akwatin ƙarfe, ɓarayin kabari suka fasa. Kuskuren shekara 113. Abin ya tsaya wa Bass a rai, har a 1981 ya buɗe wani fili a birnin Knoxville na jihar Tenesi inda ake ajiye gawarwakin waɗanda suka ba da jikinsu don ilimi, a rana, a inuwa, a cikin mota, a rami, ana rubuta abin da ke faruwa kullum. Daga irin wannan bincike aka gane cewa ba kwanaki ya kamata a ƙirga ba, zafin da ya taru a kwanakin ne. Wani mai bincike a can, Arpad Vass, ya ba da ƙiyasin cewa a raba 1285 da matsakaicin zafin wuri a sami kwanakin da gawar da ke sarari za ta zama ƙwarangwal. A digiri 10, wata huɗu da 'yan kwanaki. A digiri 35, kwana 37 bai cika ba.

Wannan lissafi ya isa ya nuna halin da muke ciki. Firjin mutuware yana riƙe gawa a wajen digiri 4 don ya tsayar da ruɓewa, amma sai da wutar da ba ta yankewa. Inda babu, ma'aikata kan ɗura wa gawa maganin fomalin, wanda ke hana wari amma yake ɓata gwajin guba. Likitocin binciken gawa kuma ba su da yawa, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa. Kowa ya ga abin da ya faru da mawaƙin nan na Legas, Mohbad: ya rasu ranar 12 ga Satumba 2023, aka binne shi washegari, aka tono shi ranar 21 ga watan bayan jama'a sun tayar da ƙura. Da likitan da ya yi binciken ya tsaya gaban kotun bin bahasin mutuwa, ya ce ba a iya tantance abin da ya kashe shi ba saboda jikin ya riga ya ruɓe. Kwana takwas kacal a ƙasa. Mu da muke binnewa cikin likkafani kawai, ba akwati, ƙasa da gara suna isa ga jiki da wuri fiye da haka.

Na san abin da ke sa iyalai su ce a bar wa Allah. Akwai umarnin gaggauta jana'iza, akwai hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, akwai kuma tsoron a riƙe musu gawa kwana da kwanaki ana yawo da su tsakanin ofis da ofis. Wannan tsoro na ƙarshe gaskiya ne, kuma hukuma ce ya kamata ta kawar da shi. Ta fuskar addini kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi fatawa tun 1987 cewa ya halatta a buɗe gawa don binciken laifi idan alƙali ya rasa wata hanyar gane sanadin mutuwa. A Ingila, inda Musulmi da Yahudawa suka daɗe suna ƙorafi kan yanka gawa, wasu garuruwa sun koma fara sa ta a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai in hoton bai wadatar ba a yi yanka.

Kuma da yawa daga abin da ake buƙata ba ya ma jiran wuƙa. A ɗauki hoton mamaci a yadda aka same shi kafin kowa ya juya shi. A rubuta lokacin, da wanda ya gan shi da rai na ƙarshe, da ko ƙofa da taga a rufe suke, ko fanka na juyawa, ko akwai wuta ko janareta a kusa. A bar tufafinsa da shimfiɗarsa da kwanon da ya ci abinci yadda suke. Ma'aikacin lafiya ya auna zafin jiki da na ɗaki, ya duba inda jini ya kwanta da inda sandarewa ta kai, ya ɗebi jini daga jijiyar cinya da ruwan ƙwayar ido da fitsari, a sa a sanyi. Duk wannan ba ya cin awa ɗaya, kuma wanda aka samu da asuba ana iya yi masa sallah kafin azahar.